Masu Tafi Ba Sa Hawa Jirgin

Ɗana, labari ya iso mini cewa an ba ka gurbi a makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya. Allah Ya sanya albarka, Ya sa ka shiga a sa'a. Na san yanzu kowa a dangi yana da abin da zai gaya maka, wannan ya ce ka riƙe addu'a, wancan ya ce kada ka manta da gida in albashi ya fara shigowa. Duk gaskiya suka faɗa. Ni kuwa labarin wani Ba'amurke zan ba ka, mutumin da ya mutu shekara goma kafin jirgin sama ya fara sauka a Kano a 1925. Sunansa Lincoln Beachey. A zamaninsa babu matuƙin da ya kai shi suna a Amurka, kuma bai cika shekara talatin a duniya ba.

Sai ka san yadda kasuwar take a lokacin kafin ka fahimci mutumin. Wa da ƙanen nan, Wilbur da Orville Wright, sun ɗaga jirginsu na farko ran 17 ga Disamba, 1903, tashin da bai wuce daƙiƙa 12 ba. A 1909 Bafaranshe Louis Blériot ya ƙetare ruwan da ya raba Faransa da Ingila. To, an iya tashi, amma wa zai saya? Jirgin ba ya ɗaukar kaya, da ƙyar yake ɗaukar mutum biyu, iska na ɗan kaɗawa sai a mai da shi rumfa. Abu ɗaya ake iya sayarwa a samu kuɗi nan take, shi ne kallo. Mutanen ƙananan garuruwan Amurka sun karanta a jarida wai ɗan Adam na tashi sama, da yawansu ba su yarda ba, kuma a shirye suke su biya kuɗin ƙofa don su gane wa idonsu. Sai kamfanin Wright da na abokin hamayyarsu Glenn Curtiss kowanne ya tara samari, ya koya musu tuƙi a gurguje, ya riƙa tura su gari-gari, yau filin sukuwa, gobe filin bajekoli. A kwance jirgin a zuba a akwatuna, a loda a jirgin ƙasa, in an isa a sake ɗaure shi. Yaran Wright dala 20 ake ba su a mako, sai kuma dala 50 duk ranar da suka tashi. Lura da wannan tsari da kyau. Ranar da ka dubi sama ka ce iska ba ta yi ba, hamsin ɗinka ta tafi.

Irin jirgin Curtiss da Beachey ya yi suna a kansa, in ka gan shi a hoto ba za ka yarda ka hau ba ko da kyauta. Katako ne da gora, an ɗaɗɗaure su da wayoyi, an lulluɓe fukafukan da yadi. Ba ɗaki, ba gilashi. Matuƙi na zaune can gaba a sarari, in ya duba tsakanin ƙafafunsa ƙasa yake hange. Inji a bayansa yake, dab da ƙeyarsa, farfela na tura jirgin daga baya, wato in jirgi ya faɗi ta hanci injin ne zai biyo mutum ya danne shi. Akwai sitiyari a gabansa, in ya ja hancin jirgi ya ɗaga, in ya tura ya sunkuya, in ya murɗa jela ta juya. Karkata fukafukai kuwa da kafaɗa ake yi. Wani ƙarfe ne ya rungumo kafaɗun matuƙi, ya jingina hagu jirgi ya kwanta hagu, ya jingina dama ya kwanta dama. Babu laimar sauka. Saurin jirgi da kunne ake gane shi, daga kukan da wayoyin ke yi in iska na ratsa su, da kuma yadda iskar ke dukan fuska.

An haifi Beachey a San Francisco ran 3 ga Maris, 1887. Yaro ne mai son taɓa ƙarafa, ya fara da gyaran keke da babur, daga nan ya shiga hannun Thomas Baldwin, mai yawo da balan-balan mai inji. Shi ma wannan abin kallo ne: wata ƙatuwar jaka cike da gas, an rataya mata siririn tsani na katako a kwance a ƙarƙashi, matuƙi na tsaye a kan tsanin. In yana son hanci ya sunkuya sai ya taka gaba, in yana son ya ɗaga ya ja da baya. Yana ɗan shekara 18 ya tuƙa irinta a bajekolin Portland a 1905, shekara na zagayowa ya kewaya da ita a kan birnin Washington, manyan gwamnati na fitowa kallo. Ya riga ya yi suna ke nan a wannan fage. Amma a Janairun 1910, a babban taron jirage na Los Angeles, ya ga yadda jirgi mai fukafukai ke wuce balan-balan ɗinsa fit, sai ya gane kasuwarta ta watse. Bai tsaya musu ba, ya koma ɗalibi a wajen mutanen Curtiss. Wannan hali na yaba masa. Ba kowane mai suna ke iya komawa ajin farko ba, balle ga shi farkon koyon bai zo masa da sauƙi ba, sai da ya faffasa jirgi kafin hannunsa ya faɗa.

Da hannun ya faɗa kuwa sai aka ga abin da ba a taɓa gani ba. A watan Yunin 1911 ya bi ta kan mafaɗar ruwan Niagara, ya sulmiyo cikin tururin ruwan, ya ratsa ta ƙarƙashin gadar ƙarfe da ke haɗa Amurka da Kanada, ya bi kwazazzabon kogin sannan ya haura, a gaban mutanen da aka ƙiyasta sun kai 150,000. A watan Agusta, a taron Chicago, ya cika tanki ya yi ta hawa, ya ƙudura ba zai juyo ba sai mai ya ƙare ƙaf. Haka aka yi. Injin ya mutu yana sama da ƙafa 11,000, tsayin da ba wanda ya taɓa kaiwa a jirgi kafin ranar, ya lallaɓo ya sauko ba inji. A wannan taron dai matuƙa biyu suka mutu, William Badger da St. Croix Johnstone, aka kuma ci gaba da wasa.

Ba na so ka ɗauka mahaukaci ne kawai da sa'a ta yi ta bi. Gwani ne na gaske. Da kwat da laktaye yake hawa jirgi kamar mai zuwa ofis, sai dai ya juya bakin hularsa baya don kada iska ta ɗauke. Wasan da aka fi saninsa da shi shi ne ya hau can sama, ya kashe inji, ya kifo hancin jirgi tsaye ɗoɗar zuwa ƙasa, sai mata sun fara salati irin nasu, maza sun runtse ido, sannan ya ja sitiyari ya miƙe dab da ƙasa. Wani lokaci ya wuce ta gaban rumfar 'yan kallo hannuwansa biyu a buɗe, gwiwoyinsa na riƙe da sitiyari, kafaɗunsa na yin sauran aikin. Orville Wright, wanda ba ya yabon kowa da arha, balle yaron abokin gabarsa, ya yaba tuƙin Beachey a fili. Abin da ɗan kallo ke gani ganganci, a wajensa lissafi ne. Ya san jirginsa waya-waya, ya san iya nauyin da fiffike zai ɗauka, ya maimaita abin har ya zama jiki.

Yanzu bari in juya ga 'yan kallo, don su ne dalilin wannan takarda. A 1910 ganin jirgi ya bar ƙasa kawai ya isa a yi tafi. Kafin shekara biyu wannan ya zama tsohon yayi. Wanda ya biya kuɗi bara ya ga tashi, bana so yake ya ga karkata, baɗi kuma sai an kifo masa. Ido ba ya ƙoshi. Masu shirya taro su ma sun gane abin da ke cika fili, sai allunan tallarsu suka koma ambaton mutuwa, wane zai yi wasa da ajali ƙarfe kaza. Ajalin kuwa yana amsa gayyata. Ralph Johnstone na ƙungiyar Wright ya faɗo a Denver a Nuwamban 1910. Abokin gasarsa Arch Hoxsey, wanda ya ɗauki tsohon shugaban ƙasa Theodore Roosevelt a jirgi a watan Oktoba, ya faɗo a Los Angeles ranar ƙarshe ta wannan shekara, ranar da John Moisant shi ma ya mutu a New Orleans. Eugene Ely, mutumin farko da ya sauke jirgin sama a kan jirgin ruwa, ya mutu a wajen wasa a Macon a Oktoban 1911, jama'a suka yi wa wurin ca suna wawason guntayen jirgin har da kayan jikinsa, kowa na son abin tunawa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne John Frisbie, a wani ƙaramin gari da ake kira Norton a jihar Kansas, farkon Satumban 1911. Jirginsa ya samu matsala a tashin da ya yi kafin ranar, ya duba ya ce yau ba zai tashi ba. Hukuncin da ya yanke daidai ne, kuma shi ya fi kowa a filin sanin haka. Sai jama'a suka hau yi masa ihu, ana kiransa maƙaryaci, macuci, wanda ya ci kuɗin mutane. Ya kasa jurewa. Ya hau, ya ɗaga, bai yi nisa ba jirgin ya karkace ya faɗo, injin ya danne shi, iyalinsa na cikin masu kallo. Waɗanda suka yi ihun kowa ya koma gida ya ci abincin darensa. Ingiza mai kantu ruwa ke nan, wanda ya ingiza ba gishirinsa ne zai narke ba.

Akwai kuma wata mutuwar da ta riƙa bin sawun Beachey, ita ce ta masu kwaikwayonsa. Mai shirya taro zai ce wa yaro, ai Beachey ya yi kaza a garin nan bara, kai me za ka yi mana? Yaron da bai fi 'yan watanni da fara tuƙi ba sai ya hau ya kifo hanci. Ya ga kifowar, bai ga shekarun da aka yi a kan tsanin balan-balan ana koyon halin iska ba, bai ji abin da kunnen Beachey ke ji a kukan waya ba. Da yawa sun kifo ba su miƙe ba, har jaridu suka fara ɗora masa alhakin jininsu. Kai ma za ka tarar da irin wannan a makaranta. Za a nuna maka wani tsohon kyaftin a ce ai wane ko a cikin hazo sauka yake, wane ba ya tsayawa dogon bincike. Wataƙila gaskiya ne, wataƙila ƙari ne irin na hira. Ko ma wanne ne, abin da kake gani a hannun gwani ƙarshen karatunsa ne, farkon ba a gabanka aka yi ba. Ka tambaye shi yadda ya fara, wannan ne rabonka a yanzu.

A farkon 1913 Beachey ya ba kowa mamaki, ya ce ya bar tuƙi. Dalilin da ya bayar shi ne abin da na gaya maka a sama, da bakinsa. Ya ce ya gane jama'a ba gwaninta suke zuwa gani ba, jiran ranar faɗuwarsa suke, kuma mutuwar samarin da suka bi sawunsa ta dame shi. Yana da shekara 26, yana da kuɗi, yana da suna, gaɓoɓinsa duk lafiya. Da labarin ya tsaya nan, da sai in ce maka ga mai hankali, yi koyi da shi.

Bai tsaya ba. A watan Satumba na wannan shekara wani hafsan sojan Rasha, Pyotr Nesterov, ya yi alkafura da jirgi a sararin Kiev, ya hau ya kifa ta baya ya zagayo cikakken zagaye. Shi ba don kuɗin ƙofa ya yi ba. Ya daɗe yana lissafi a takarda, yana so ya tabbatar wa 'yan'uwansa sojoji cewa iska na riƙe jirgi ko ta wane gefe ya kwanta, don su daina tsoron karkata in za su juya. Ladan da ya fara samu shi ne manyansa suka tsare shi, wai ya yi wasa da kayan gwamnati. Kwanaki kaɗan bayan haka Bafaranshe Adolphe Pégoud ya yi irinta a gaban jama'a, jaridun duniya suka ɗauka. Labari ya iso Amurka cewa ga wani a Faransa ya yi abin da Beachey bai taɓa yi ba. Gaba da gabanta. Mutumin da ya tsaya a gaban jama'a ya ce ya gane komai, ya kasa barci. Ya koma wajen Curtiss ya ce a gina masa jirgin da zai jure alkafura.

A gwajin wannan jirgi, a watan Oktoba, a jihar New York, ya wuce ƙasa-ƙasa ta kan wata rumfar jirage da wasu suka hau rufinta don su sami kallo da kyau. Jirgin ya share su. Wata budurwa ta mutu, 'yar'uwarta ta ji rauni. Ka ce wannan zai tsai da shi. Cikin 'yan makonni ya koma sama, a watan Nuwamba ya yi alkafurarsa a San Diego, ya zama Ba'amurke na farko da ya yi.

A nan nake so ka dakata, ɗana. Beachey bai rasa sani ba. Babu wani abu game da haɗarin 'yan kallo da zan gaya maka wanda shi bai riga ni faɗa ba. Abin da ya kasa shi ne zama a gida ana ambaton wani. Ihun filin Norton daga waje yake zuwa, ana iya toshe kunne. Na Beachey a cikin ƙirjinsa yake, ya tafi da filin kallon gida. Kuma irin wannan ciwo gwanaye yake kamawa. Dakiki ba ya damuwa in an ce wane ya fi shi, ya saba ji. Wanda aka saba yi wa kirari shi ne in aka yi shiru kwana biyu sai ya ji kamar an binne shi. Na san ka tun kana rarrafe, na san kai ne na ɗaya a ajinku tun firamare, na kuma ga yadda fuskarka ke yi ranar da aka ce wani ya wuce ka. Ba laifi ba ne, da wannan zuciyar ka kai inda ka kai. Amma a ƙasa in ta ja ka, abin da za ka rasa bai wuce barci ba. A sama akwai mutane a bayanka.

Shekarar 1914 ita ce ganiyarsa. Ya sami ƙaramin jirgi mai injin Gnome na Faransa, mai ƙarfin doki 80. Injin nan abin mamaki ne, don shi gaba ɗayansa yake juyawa tare da farfela, da man zurma ake yi masa giris, yana tafe yana fesar da shi. Da wannan jirgi ya zaga garuruwa fiye da ɗari tare da Barney Oldfield, shahararren direban motar tsere. Mota na zagaya filin sukuwa tana tada ƙura, jirgi na bisa kanta kamar zai taɓa hular direba, in an gama Beachey ya haura ya yi ta alkafura ɗaya bayan ɗaya. Miliyoyin mutane suka gan shi a wannan shekara. A watan Satumba ya je Washington ya yi ta kifowa a kan fadar shugaban ƙasa da majalisa kamar mai kai hari, don ya nuna wa gwamnati cewa ta yi sake da batun jiragen yaƙi alhali Turai ta riga ta kama da wuta. Ka ga ba shi da wauta, yana hangen inda abin zai kai.

Amma alkafura ma ta tsufa. Wasu sun koya, 'yan kallo sun saba. Sai ya sa aka gina masa sabon jirgi mai fiffike hawa ɗaya, mara nauyi, mai sauri fiye da wanda ya saba da shi, inji a gaba, matuƙi a cikin gangar jirgi. Ran 14 ga Maris, 1915, a babban bajekolin duniya da aka yi a garinsu San Francisco, ya tashi da shi a gaban dubban mutane, wasu a cikin fili, wasu a kan tuddan gari. Ya yi alkafura, ya kifa jirgin ya tafi a rigingine, jirgi na ta raguwa ƙasa. Da ya ja don ya miƙe, nauyin ya fi ƙarfin fukafukan, suka karye suka naɗe baya. Ya faɗa cikin ruwan gaɓar teku tsakanin jiragen ruwa biyu. Masu nutso na jirgin yaƙin Oregon suka shiga nema, sai bayan fiye da awa guda aka ciro shi, yana ɗaure a kujerarsa. Likitoci suka ce faɗuwar ba ita ta kashe shi ba, ruwa ne ya ci shi. Kwana 11 ke nan da cikarsa shekara 28.

Na san abin da za a ce, kwana ne ya ƙare. Haka ne, ba mai wuce ranarsa, kuma ni da kai duk mun yi imani da wannan. Sai dai addinin da ya koya mana ƙaddara shi ya hore mu da riƙon sababi, bai kuma ba kowa izinin jefa kansa ga halaka don a tafa masa ba. Sababin a nan a fili yake. Hannun da ya ja sitiyarin nan hannu ne da ya saba da tsohon jirgi mai fiffike hawa biyu, wanda wayoyi suka ɗaure ta ko'ina, ga shi iska na dukan matuƙi kai tsaye tana gaya masa saurinsa. Sabon jirgin bai daɗe a hannunsa ba, bai gama sanin halinsa ba, ya kai shi gaban jama'a ya nemi ya yi masa abin da tsohon ke yi. In kiɗa ya canja rawa ma sai ta canja. Kai ma za a yi ta canja maka jirgi har ka yi ritaya, daga ƙaramin na koyo zuwa mai inji biyu, zuwa manyan na fasinja, kowanne sai an mai da kai aji an sake yi maka jarrabawa. Ranar da ka ji wannan ya fara yi maka ciwo, ka ce ai ni na wuce nan, ka tuna da wanda ya fi kowa iyawa a Amurka.

Ba na so kuma ka raina mutanen nan. Abubuwa da yawa da malaminka zai rubuta maka a allo cikin minti biyar, yadda ake fita in jirgi ya shiga juyi, iya nauyin da fiffike ke ɗauka, amfanin ɗamarar kujera, da rayukan irinsu aka gano su. Nesterov da Pégoud su ma ba su yi tsawon rai ba, yaƙin duniya na farko ya ci su, ɗaya a 1914, ɗaya a 1915. Dokokin da za ka ga sun yi maka yawa, kusan kowacce akwai kabari a bayanta. Ko takardar nan da matuƙa ke karantawa layi-layi kafin su tashi, ɗaya na faɗa ɗaya na amsawa, tana da nata labarin. A Oktoban 1935 wani sabon jirgin yaƙi na kamfanin Boeing ya faɗi a wajen gwaji a Dayton, jim kaɗan da ɗagawa, saboda an manta ba a cire makullin da ke riƙe jelarsa in yana ajiye ba. Wanda ke tuƙin, Manjo Ployer Hill, shi ne shugaban masu gwajin jirage a wurin, ba ɗan koyo ba. Daga nan aka ce ƙwaƙwalwar gwani ma ba abin dogaro ba ce, a rubuta, a karanta, kullum. Ka karanta taka da murya ko da ka haddace ta, ko da na kusa da kai yana murmushi.

Kada ka ce ai yanzu ba a wasan jirgi a filin sukuwa, 'yan kallo sun watse. Suna nan, kamanni suka canja. Akwai abokin karatu da zai ɗaga waya ya ce ɗan yi ƙasa-ƙasa ta kan unguwarku mu ɗauka mu sa a Facebook. Akwai yarinyar da kake so ta ji labarinka. In ka fara aiki, akwai lokacin hunturu da hazo zai rufe Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, fasinjoji sun cika ɗakin jira tun safe suna zage-zage, wani na cewa ai jirgin wani kamfani ya tashi ɗazu, ku me kuke jira? Akwai babban mutum da ya ɗauki shatar jirgi, yana da ɗaurin aure ƙarfe biyu ko taron siyasa, bai saba a ce masa a'a ba, yaransa na leƙowa suna cewa ranka ya daɗe yana jira fa. Akwai manajan da ba zai ce maka ka karya doka ba, sai dai ya tambaye ka sau uku ko ka tabbata. Duk cikinsu ba mai mugun nufi. Mutanen Norton ma ba su fito gida da niyyar kashe kowa ba, kuɗinsu suka biya suna son abin da suka biya.

Abin da nake roƙonka shi ne ka koyi faɗin "ba za mu tashi ba" tun kana ɗalibi, tun abin da za ka rasa bai wuce awa ɗaya ta darasi ba. Ka faɗe ta da ladabi, ba ɗaga murya, ba dogon bayani, ka kawo dalilinka a lamba: ga iya nisan da ake gani, ga abin da doka ta ce, ga man da ke tanki. In babba ne ka ba shi girmansa, ka ce Allah Ya ba ka haƙuri, ranka ya daɗe, sai hazo ya ɗaga. Zai yi fushi, wataƙila ya kai ƙararka, wataƙila a kira ka matsoraci a bayan idonka, kuma za ka ji zafin wannan fiye da yadda kake zato. Ka bar shi ya yi zafin.

In an ba ka jirgi ka tashi kai kaɗai karon farko, na san za ka kira gida kowa ya ji, za mu kuma yi murna. Amma ni kiran da nake jira daban ne. Ranar farko da ka shirya tsaf, ka zagaya jirgi, ka dubi sama, ka ce yau ba za a tashi ba alhali ana so ka tashi, ka kira ni ka ba ni labari, ko tsakar dare ne. Wannan takarda kuma ka bar ta tsakanina da kai, kada ka karanta wa mahaifiyarka, hankalinta a tashe yake tun ran da sunanka ya fito.